Farantin Sama

A ɗakin gwaji na kamfanin magani akwai wani huhun ƙarfe da bai taɓa tari ba. Farantai ne ɗaya bisa ɗaya, injin yana zuƙo iska ta cikinsu. In an fesa maganin asma a bakinsa, ƙwayoyi masu kauri sai su maƙale a farantin sama, wato maƙogwaro, masu laushi su gangara ƙasa, inda marar lafiya yake buƙatarsu. Aikin Malama mai awo shi ne ta auna abin da ya sauka a kowane faranti.

Maganin sabon rukunin inhela, wato kwalbar da mai asma yake fesawa a baki, kusan duk a sama ya tsaya. Ta sake gwadawa, ya sake tsayawa. Ga motocin kaya a bakin ƙofa, sa hannunta kaɗai suke jira.

Manaja ya hawo bene da ƙafarsa, abin da ba ya yi sai in an yi baƙi.

"Malama, mu a nan mukan yi ta gwadawa ne har mu sami kwalbar da ta faɗi gaskiya."

"Duk sun faɗa, Yallaɓai. Kai ne ba ta yi maka daɗi ba."

"Ki ɗumama kwalbar a tafin hannu kafin ki fesa. Wanda kika gada haka yake yi, yanzu ofishinsa har da labule."

"Wanda numfashi ya sarƙe masa, zama zai yi yana ɗumama kwalba?"

"Kujerar nan taki fa tana da masoya."

Da hawan bene da dogon jawabi, ƙirjin Manaja ya fara busa usur. Ya lalubo tasa inhelar a aljihu, ta wani kamfani dabam. Malama ta ɗauki ɗaya daga sabon rukunin ta miƙa masa.

"Ga tamu ta gida. Mu yi musaya. Ka kwana da ita, gobe in sa hannu."

Ya dubi kwalbar kamar an miƙo masa kunama. Ya fesa tasa, ya mayar aljihu, ya dafe wurin da hannu.

Washegari aka mayar da Malama sashen wanke kwalabe, wai don ta ƙara gogewa. Ta tattara kofinta da silifas ɗinta, ta soke bironta a aljihun farar riga. Ta tagar sabon wurin tana hango motocin, direbobi sun shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsu suna barci.