Kwalbar da Ba Ta Rubuta Ba

Saura kaɗan Bronka ta ƙi rubuta wasan nan. Labarin mahaifinta ne, ita kuwa ko gaisuwa ba ta iya yi da ƙarfi, balle ta baje sirrin gidansu a kunnen duk gari.

Firamare kaɗai ta yi. Ta shiga gidan rediyon garinsu, a kudancin Poland, tana buga wa 'yan wasa takardu da tafireta. Sannu a hankali aka fara ba ta gajerun wasannin yara tana rubutawa. Mahaifinta Wincenty keken doki yake tuƙawa a da. Wani hunturu dokinsa ya zame a kan ƙanƙarar gada, keken ya kife, fasinja ya karye. Aka ce a buge yake, aka karɓe lambarsa ta izinin tuƙi. Bronka ta san tun rasuwar uwarta bai sake kai giya bakinsa ba.

Pan Gromek, wato Malam Gromek a harshensu, mai shirya wasanni, shi ya matsa mata.

"Panna Bronka, rubuta mana shi. Ki wanke tsohon nan kowa ya ji."

"Ba za a canza mini ba?" ta tambaya, idonta a ƙasa.

"Wa zai canza? Ina nan."

A lokacin ba a ɗaukar murya a ajiye. 'Yan wasa su kewaye makirfo a ɗakin da aka lulluɓe da barguna, abin da ya fita daga bakinsu ya fita ke nan. A gefe tsoho Heniek yake zama da tarkacensa, yana yin takun doki da ɓawon kwakwa, ƙarar ƙofa da murfin akwati.

Ranar Lahadi da la'asar Wincenty ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, ya tafi shagon burodin Pani Genowefa, inda rediyon layinsu yake. Maƙwabta suka cika shagon. Bronka tana can gidan rediyo, a bayan gilashi kusa da Gromek.

Komai ya tafi daidai har keken ya doso gada. Sai Gromek ya ɗaga yatsa. Ɗan wasan da ya fito a direba ya yi shiru. Heniek ya matso da kwalba bakin makirfo, ya cire toshiya, ya tsiyaya ruwa a kofi, ya kwankwaɗe har ana jin maƙogwaronsa. Daga nan doki ya zame. Duk maganar da ta biyo baya, rantsuwar direban da roƙonsa a gaban 'yan sanda, ta koma ta mashayi mai neman mafita.

Bronka ta jira aka kashe jar fitilar da ke nuna ana watsa shiri.

"Ban rubuta kwalba ba, Pan Gromek."

"Haba yarinya, wasa ne fa. Mutumin da ba shi da laifi ko kaɗan gyangyaɗi yake sa masu sauraro. Yanzu sai su yi ta gardama, ya sha ko bai sha ba."

"Tun yaushe kuka shirya?"

"Tun gwajin ranar Juma'a, da na aike ki sayo taba. Na san za ki yi kuka."

"A faɗa wa mutane Lahadi mai zuwa."

"Lahadi mai zuwa wasan dariya muke da shi. Ki kawo mini shi jibi."

Heniek yana tattara ɓawon kwakwarsa, bai ɗago ba.

Ta tarar da mahaifinta zaune a kicin, bai cire kwat ba, miyar kabeji ta huce a gabansa.

"Ke kika sa kwalbar?"

"A'a, Baba."

Ya dube ta. "Staszek mai aski ya daki kafaɗata. Wai, Wincenty, har 'yarka ta tona ka. Kowa ya yi dariya, ni ma na taya su." Ya ture kwanon. "Dokin dai ya fito sosai. Haka yake takawa."

Washegari bai fita sayen burodi kamar yadda ya saba ba. Bronka ta ɗaura kallabi ta tafi. Mata sun yi layi har bakin ƙofa, suna ganinta suka yi tsit. Da layi ya zo kanta, ta dubi Pani Genowefa ta ce:

"Babu kwalba a gadar nan. A gidan rediyo aka ƙara ta. Ruwa ne ma a ciki."

"To ai da kunnenmu muka ji, 'yata," in ji Pani Genowefa a hankali.

Bronka ta karɓi burodinta, amma ba ta tafi ba. Ta tsaya a bakin ƙofar shagon, fuskarta na zafi, duk wadda ta shigo ta tare ta ta maimaita mata.