Ɗakin Giyar Shibli da Kurangar Baba

Tun ranar da na ga Shibli yana auna tsakar gidanmu da taku na san akwai magana. Ƙanena ne, ni na yi rainonsa, na san fuskarsa idan zai yi ɓarna. Ya shafe shekaru a Birazil yana sayar da yadi, ya dawo mana garinmu Zahle da tumbi da agogon zinariya da wani sabon ciwo, wai shi ɗakin ajiyar giya. Wai duk mutumin kirki a can yana da ɗaki a ƙarƙashin gidansa, mai sanyi, mai duhu, inda kwalabe ke kwance suna tsufa.

Na ce, "To su tsufa a kabad mana. Baba a ƙarƙashin matakala yake ajiye tasa, ba wanda ya taɓa sha ya yi ƙorafi."

"Yaya Wadad, ke ba za ki gane ba. Giyar Faransa ba ta son zafi."

"To ta yi zamanta a Faransa!"

Ba ramin ne ya dame ni ba, in ya ga dama ya haƙa har ya ɓullo Birazil ɗin. Kurangar inabinmu ce damuwata. Baba, Allah ya jiƙansa, shi ya dasa ta shekarar da ya auro Mama, ta girma ta lulluɓe rumfar tsakar gida kaf. Da ganyenta muke naɗe shinkafa, 'ya'yanta kuma da su Baba yake yin giyar gida lokacin yana raye. Yanzu da idon Mama ya tafi, a ƙarƙashinta take wuni a kujerarta ta kaba, tana gane ko wane wata ake ciki daga motsin ganye. Gidanmu a kan dutse yake, kuma kurangar nan da saiwa ɗaya take rayuwa, wadda ta bi tsagar dutse ta shige ƙarƙashin ɗakin girki tana shan ruwa. Kowa a gidan ya san haka, har Shibli. Yana yaro ya taɓa shan mari a hannun Baba don ya kafa turke a wajen.

Na ja shi har gaban hoton Maryama da ke falo, na ce ya rantse. Ya ɗora hannu ba ko ɗar, ya ce, "Wallahi ko gashin saiwar nan ba za a taɓa ba. Haba Yaya, kurangar Baba fa!" Har da ƙwalla ya kawo, munafukin banza.

Sai Allah ya sa 'yata ta haihu a Bairut daidai lokacin da magini Abu Tanyus ya shigo da diga da yaransa. Na tafi jego na daɗe. Da na dawo an gama komai, an yi matakala daga bayan ɗakin girki, an sa ƙofar katako mai kauri, mabuɗin kuma yana rataye a wuyan Shibli kusa da gicciyensa. Ya ce ba mai shiga sai ranar buɗewa.

Daga nan aka shiga hidimar cika ɗaki. Kwalaye suka yi ta sauka daga tashar jirgin ruwa, na Faransa, na Italiya, har da na wata ƙasa da ni ban san ana noman inabi a cikinta ba. Mu da muke zaune a tsakiyar gonakin inabi! Shi da kansa yake sauka da su, kwalba ɗai-ɗai, a rungume kamar jariri. Wai a kwance ake ajiye su don kada murfin ya bushe. Wai ba a buga ƙofa da ƙarfi, giya ba ta son firgita. Na ce ya ba ni lungu ɗaya in ajiye tulunan zaitun da na gautan da na jiƙa a mai, ya zaro ido kamar na zagi uwarsa, wadda tawa ce. Wai warin tafarnuwa zai shiga kwalba. Kwalbar da ke toshe!

Da sanyi ya fara sassautawa na hau tsani na datse rassan kuranga kamar kowace shekara. Duk wanda ya taɓa datsar inabi ya san tana kuka, ruwa ya yi ta ɗiga daga bakin yankan har ya jiƙa daɓe. Mama takan miƙa hannu ta tari ɗigon ta shafa a idonta, wai magani ne. Bana ta miƙa hannun har ya gaji.

"Wadad, ba ta yi kuka ba?"

"Sanyi ne bai gama tafiya ba, Mama."

Na faɗa ne kawai. Bayan Ista ta fitar da wasu 'yan ganyayyaki tsiraru, ko lomar shinkafa ba za su naɗe ba. Zafi na shigowa suka yi rawaya, suka murɗe, suka zube. Na yi ta ɗura mata ruwa safe da yamma, na zuba taki, na yayyafa ruwan albarka da na karɓo a coci. A banza.

Na tare Shibli a bakin matakalarsa. "Me kuka yi mata?"

"Wa?"

"Kada ka raina min hankali. Me kuka yi wa saiwar?"

Ya ce tsutsa ce. Na ce ban ga tsutsa ba. Ya ce to ƙarancin ruwan sama ne. Na ce ta maƙwabta har ta tsallako katanga. Sai ya gyara agogonsa, ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Ni dai na ga kin datse ta da yawa bana. Hannunki ya fara rawa, Yaya, girma ne."

Kai! Wannan maganar ta ƙona min rai fiye da komai. Ni da nake datsar kurangar nan tun yana fitsarin kwance! Amma abin haushi, maganar ta shige ni. Na dinga tsayawa a gindinta ina duba yankan ɗaya bayan ɗaya, ina cewa ko dai ni ce na kashe ta. Na haɗu da Abu Tanyus a kasuwa, yana hango ni ya faɗa shagon mai aski, mutumin da ko gashi ɗaya babu a kansa.

Rana ta fara dukan Mama a kujerarta. Maimakon Shibli ya ji kunya, sai ya sayo wata koriyar raga ta roba, irin ta masu sayar da furanni, ya shimfiɗa a kan rumfar. Ya sunkuyo ya sumbaci kanta ya ce, "Ga inuwarki ta dawo, Mama." Sai da ya tafi ta ce da ni, "Wadad, wannan inuwar ba ta motsi."

Ranar Idin Maryama ya zaɓa don buɗe ɗakinsa, a tsakiyar Agusta, ranar da ake kai nunan fari na inabi coci a sa masa albarka. Tun da aka haife ni daga kurangarmu ake yankar curin inabin da Mama ke kaiwa. Bana na kasuwa Shibli ya sayo ya ɗora mata a cinya. Ta ɓalli ƙwaya ɗaya ta tauna, ta tofar a tafin hannunta, ta ce in kai wa kaji.

Bayan an taso daga coci gida ya cika. Abokansa 'yan Birazil, da likita, da Abuna limamin cocinmu da aka gayyato ya sa wa ɗakin albarka. Ni ce na wuni a kan tukunyar alkama da nama, don haka ni ce ta ƙarshe da na sauka, da faranti a hannu. Gaskiya ɗakin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Sanyi kamar cikin randa, bangon dutse, kwalabe jere a ramukansu har rufi. Mutane sun yi cincirindo a gaban bangon ƙarshe, inda aka haska wata 'yar fitila.

Na leƙa ta kafaɗar likita. Wani murɗaɗɗen itace ne, kaurinsa ya kai cinyata, an kankare shi, an shafe shi da man ƙyalli, an kafe shi a bango da ƙusoshin tagulla. A cikin lanƙwasarsa an kwantar da kwalabe uku, waɗanda suka fi tsada.

Likita ya ce, "Shibli, wannan kuma daga Italiya ka yo odarsa?"

Shibli ya riga ya sha kofi biyu, bakinsa ya buɗe, bai kuma san ina bayansa ba. "Ina! A nan muka same ta, ta ratsa tsakiyar ɗakin kamar macijiya. Abu Tanyus ya ce a kewaye ta, a rage ɗakin. Na ce in rage ɗakina saboda saiwa? Sai da ta cinye mana zarto biyu. Ku dubi kyanta, don Allah!"

Ban san lokacin da farantin ya bar hannuna ba. Na ture likita, na kama saiwar da hannu biyu na fizga. Ƙusa ɗaya ta fita, na sake fizga. Kwalaben nan uku suka tarwatse a ƙasa, jar giya ta wanke wa Abuna takalmi.

"Yaya! Kin san ko nawa ce wannan? Kin haukace ne?"

"Hannuna ne ke rawa, Shibli. Girma ne."

"Itace ne fa! A kan itace za ki tozarta ni a gaban mutane?"

"Maƙaryaci! Ka rantse a gaban Maryama, ka yanke, sannan ka bar ni ina zargin hannuna. Allah wadaranka!"

Abuna yana cewa a yi haƙuri, yau ranar idi ce. Ban ko kalle shi ba. Na saɓa saiwar a kafaɗa, nauyi kamar buhun gari, na hau matakala ina haki. Duk suka biyo ni, Shibli a gaba yana "Kada ki kai mata, Yaya, don girman Allah kada ki kai mata." Ashe ya san akwai wanda yake jin kunya.

Na ɗora ta a cinyar Mama. Ta bi ta da yatsu a hankali daga wannan lanƙwasa zuwa waccan, har ta kai bakin da zarto ya ci. A nan hannunta ya tsaya. Ta kai hanci ta shinshina, ba abin da ke tashi sai warin man ƙyalli.

Shibli ya durƙusa a gabanta. "Mama, zan dasa miki wata. Goma ma zan dasa, irin na Faransa. Shekara biyar kawai, za ki ga ta rufe rumfar nan."

"Shekara biyar," in ji Mama. Ta juyo da fuskarta inda muryarsa take. "Shekaruna nawa, Shibli?"

Ta sake jefo masa wata tambayar.

"Kwalabenka sun samu sanyi?"

"Mama..."

"To madalla." Ta miƙa masa saiwar, ya karɓa don ba yadda zai yi. Sannan ta lalubo hannuna ta miƙe. "Wadad, cire wannan robar daga kan rumfar ubanku. Ki shigar min da kujerata ɗaki."

Na shigar da kujerar. Har yau ba ta sake cewa a fito da ita ba.