Wuƙaƙen Koubra da Turbon Kamiyo

A shekarun da kuɗin fetur suka cika Sabha, ba a gyaran abu. In ya lalace sai a yar da shi bayan unguwar Gurda, a sayo sabo. Illia, Allah ya jiƙansa, bakanike ne mutumin Tanut da ake kira Usta, wato gwanin sana'a, kuma har ya koma ga Ubangijinsa bai saba da wannan ɓarna ba. Matarsa Koubra tana sayar da shinkafa da wake a bakin garajinsa.

Shekara huɗu ke nan Koubra ba ta ga 'yarta Bintou ba, wadda ta bari a hannun kakarta a Tanut tun daga yaye. Haj Mohamed, Balarabe mai kamiyo, babbar motar kaya da Illia ke gyarawa, ya yi mata alkawarin wurin zama a gaban motar. Ayarin motoci zai tashi zuwa Agadas ranar Alhamis, shi ne na ƙarshe kafin zafi ya rufe hanya, kuma mota ɗaya ba ta shiga sahara ita kaɗai.

Ranar Lahadi sai ga kamiyon ya shigo yana aman hayaƙi shuɗi, ko tudun ƙofar garaji da ƙyar ya hau. Illia ya kwance turbo, wani ƙarfe mai kama da katantanwa da ke hura wa inji iska. Ya sa yatsa ya taɓa farfelar ciki, tana rawa kamar haƙorin tsohuwa.

Ya dubi Daouda direba. "In ka iso masallaci daga tafiya, yaya kake yi?"

"In kashe mota in sauka mana, Usta. Ko so kake a tada salla ina zaune ina sauraren ƙarfe?"

"To kai ka dafa shi. Abin yana ja kamar garwashi, ka yanke masa mai. Liman ba zai gudu da masallacin ba. Ka yi alwalarka inji yana tafiya, sannan ka kashe."

Haj Mohamed ya ce a aika Tarabulus a kawo sabo. Kwana arba'in. Koubra ta ji, ludayi ya tsaya a hannunta.

"Ba ni kwana uku, ya Haj," in ji Illia. "Jikinsa lafiya lau. Zobban ciki da sandar ne suka cinye."

"Ya Usta, mutum talatin za su hau motar nan. In gyaranka ya ci amana a tsakiyar rairayi fa?"

Illia ya nuna bakin ƙofa da haɓa. "Matata tana cikin talatin ɗin."

Haj ya juyo wajen Koubra. Ta gyara mayafi ta ce, "Zan shiga." Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ɗaga yatsa uku.

A juji bayan Gurda Illia ya samo turbo biyu da aka yar, ya zaɓi sanda mai kyau da zobba. Saura daidaita nauyin farfela, don in gefe ɗaya ya rinjaya ko da ƙwayar gero, za ta farfashe. Injin wannan aiki sai Tarabulus.

"Uwar Bintou, ara mini wuƙaƙenki biyu. Da kwallinki."

"Baban Bintou, kwalliya za ka yi wa ƙarfen?"

Ya kafa wuƙaƙen a katako, kaifi yana duban sama, ya ɗora sandar a kansu. Ta mirgina a hankali, gefen mai nauyi ya koma ƙasa. Ya ɗiga masa kwalli, ya goga da magagari kaɗan, ya sake ɗorawa. Haka yini biyu. Masu cin shinkafa suna ƙorafin albasa guda-guda, Koubra ta ce wanda ke son yankakkiya ya jira kwana arba'in. Ranar Talata da la'asar sandar ta tsaya duk inda aka ajiye ta.

Laraba aka loda siminti don gwaji, aka kama hanyar Zighan, Haj da kansa a gaba. Koubra tana bakin garaji, ba ta ko hura wuta ba. Kafin ta hango su suna dawowa ta ji wani siririn fito yana tashi sama da rurin inji. Babu hayaƙi. Haj ya leƙo ta taga yana dukan ƙofa yana kiran "Usta! Usta!" Koubra ta rangaɗa guɗa har leburorin gini suka ajiye shebur.

Alhamis suka tashi. A zangon farko Daouda ya kai hannu ga makulli, ta buge masa shi da maficinta. "Alwala tukuna!"

Kwana tara fiton nan bai yanke ba. A Tanut Bintou ta ɓuya bayan kakarta, sai da yamma ta zo da kanta ta zauna a cinyar uwarta tana wasa da tandun kwallin.

Wuƙaƙen suna nan a wajen Koubra. Tun ranar da aka kai Illia makwancinsa ba ta sake yanka albasa da su ba.