Kwal Ɗin Dattijo Prydderch

Shekara ashirin da biyu na yi ina tuƙa jirgin ƙasa mai kwal a layinmu na Meirionnydd, kuma kafin ranar jirgin ƙarshe sau ɗaya tak na taɓa ɗaukar Idwal Prydderch, ranar da ya je binne surukarsa. Ko a ranar sai da ya yi mitar hayaƙi ya ɓata masa farar riga.

Shi ne babban dattijon majami'armu a Rhydlas. Gidansa na daidai hawan tudu, inda jirgi ke nishi yana jan jiki kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Lambunsa ya jingina da layin dogo: kabeji, dankali, da wani ɗakin gilashi da yake renon tumatir a ciki, wanda ya fi ƙauna fiye da matarsa Morfudd.

Wata bazara ya kafa mutum-mutumi a tsakiyar lambun, wai don korar hankaki. To hankaki bai san Mista Cadwaladr ba, shugabanmu a wurin aiki, amma mu mun san shi, kuma mutum-mutumin nan kamarsa sak. Ga baƙar hularsa mai tudu, ga gashin baki na igiya, ga tumbin ciyawa, har da murfin gwangwani a ƙirji a madadin agogo. Meurig Gittins, mai zuba mini kwal a wuta, a makon nan Cadwaladr ya dakatar da shi kwana biyu saboda lattin minti huɗu. Yana hango abin ya yar da shebur, ya sunkuci dunƙulen kwal ya sake. Hula ta yi sama.

Washegari hula ta koma kan mai ita. Kafin wata ya cika, duk masu zuba kwal a layin sun shiga gasa. Jirgi shida a rana, kowane da jifa uku ko huɗu. Da la'asar sai Morfudd ta fito da bokiti tana tsince-tsince, kai a sunkuye kamar mai cire ciyawa. Shekara goma sha ɗaya motar mai sayar da kwal ba ta tsaya a ƙofar gidan nan ba, amma hayaƙin bututunsu ne ke fara tashi a garin.

Ran Lahadi kuma sai Prydderch ya miƙe gaban jama'a a majami'a, ya kafe Meurig da ido.

"Wanda ya taɓa ko ƙusa ɗaya ta ubangidansa, 'yan'uwa, ɓarawo ne, kuma wuta na jiransa."

Meurig ya raɗa mini, "Ai shi tasa wutar tun jiya na kai masa."

A shekarar 1964 aka manna takarda a tasha: za a rufe layin. Mutanen da suka shekara goma suna wuce mu a bas, suna ɗaga mana hannu, nan take suka tuna ba za su rayu ba sai da jirgi. Aka kafa kwamiti, Prydderch ne shugaba. Manya suka turo wani Mista Ashdown ya saurari koke a zauren makaranta. Mutum ne mai sanyin murya, ya zo a motarsa.

Prydderch ya yi minti arba'in yana bayani. Jirgi ne jinin kwarin nan, in ji shi, kuma in aka rufe layin, shi da iyalinsa sai abin da Allah ya yi.

Ashdown ya ɗago kai daga takardunsa. "Yallaɓai, sau nawa kake hawa a mako?"

"Ba a hawa ake gane amfanin jirgi ba."

"A wata fa?"

Prydderch ya hau gyara wuyan rigarsa.

"To wace wahala ce za ta same ka? Dole in rubuta wani abu."

Daga bayan zaure Meurig ya ɗaga murya. "Rubuta sanyi, yallaɓai! Dattijo zai sha sanyi!"

Zaure ya kece da dariya, har matar fasto ta toshe baki da hankici. Ashdown bai gane ba, amma ya rubuta. Da muka nemi mu ma'aikata mu faɗi namu, mu goma sha tara da aikinmu zai tafi, sai ya ce mana wannan zaman na fasinjoji ne.

Ranar jirgin ƙarshe, wata Asabar a watan Janairu, garin kakaf ya fito. Tarago biyu muka saba ja, rabinsu wayam. Ranar sai da aka ƙara huɗu. Ga masu busa ƙaho, ga 'yan waƙar majami'a, mata na share hawaye. Prydderch ya rataya furen makoki a goshin injin, ya shiga taragon manya ya zauna kusa da wani ɗan jarida daga Wrexham.

Tun a tasha na lura Meurig ya ware wasu dunƙulaye gefe, kowane ya kai girman kan ɗan maraƙi.

Na ce, "Kai, Gittins, me za ka yi da waɗannan?"

"Sallama zan yi da mutumina. Kai dai rage gudu a tudu."

Da tarago shida a baya, ba sai na rage ba. Muka iso lambun muna rarrafe. Meurig bai ko kalli mutum-mutumin ba. Na farko ya faɗa tsakiyar rufin ɗakin gilashin. Na biyu ya bi shi. Kafin na biyar babu abin da ya rage sai katako. Ni kuwa na ja usur na riƙe, don ranar biki ce.

Mai duba tikiti ne ya ba mu labarin abin da ya faru a tarago. Prydderch ya zabura ya manne da taga, baki buɗe. Ɗan jarida ya zaro alƙalami.

"Lafiya, dattijo? Me suke jifa? Gidan wa ke nan?"

Prydderch ya koma ya zauna. "Tsohuwar al'ada ce ta ma'aikatanmu. Gaisuwar girmamawa."

Haka aka buga a jarida, da hotonsa.

Da damina ta tsaya aka zo aka kwashe ƙarafan layin. Meurig ya tafi Coventry haɗa motoci, da mata da 'ya'ya uku, bai sake dawowa ba sai a akwatin gawa. Ni na ƙare a tura amalanke a wata ma'aikatar madara. Prydderch kuwa majalisar gunduma ta ba shi lambar yabo saboda gwagwarmaya.

Hunturun da ya biyo baya ya yi tsanani. Tun da safe sai ka ga dattijo ya nufi majami'a da Littafi Mai Tsarki a hammata, ya shige ƙaramin ɗakin baya inda murhu ke ci dare da rana, ba ya fitowa sai yamma. Tsofaffin mata suka ce ba su taɓa ganin mai ibada irinsa ba. Morfudd ita kaɗai aka bari a gida, da riguna uku a jikinta.