Farin Fenti a Kan Ƙaramin Kabari

"Ki kashe rediyon nan, na ce!" Chichi ya daka wa Milagros tsawa.

"A ɗakin ubana? Kai ka saya masa?"

Ni kuwa ina bakin ƙofa da kwanon romon kaza, wai na zo duba mahaifinta, Don Anselmo. Dubiyar na zo, Allah ya sani, sai dai kunnena ya biyo ni. Katanga ɗaya ta raba mu a San Pedro tun muna da haƙoranmu.

Tsohon na kwance, ya tsotse kamar ɓawon rake, rediyo a ƙirjinsa. Ranar ce masu sharhin besbol, wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda, ke jero yaran da wani kulob na Amurka ke reno a ƙananan ƙungiyoyinsa, waɗanda ake sa ran za su hau babbar gasa. Jikansa, ɗan Milagros, yana ciki. Chichi dillalin 'yan ƙwallo ne, shi ya kai yaron.

"Sai kuma Yeison, mai jifa," in ji rediyo. "Shekararsa sha takwas kacal, amma hannunsa wuta. Ƙuruciyar nan ce ta sa kulob ke ji da shi."

Na ajiye kwanon a hankali. Sha takwas? Ni na riƙe wa Milagros hannu ranar da ta haifi dogon yaron nan, shekarar da guguwa ta kwashe rufin cocinmu, kuma Robelin aka sa masa. Yeison ƙaninsa ne, wanda zazzaɓi ya ɗauke yana rarrafe. Dama tun bara nake ta saƙe-saƙe: wa ya shafe sunan da ke kan ƙaramin kabarinsa da farin fenti? Ashe haka ne. Masu kulob ba sa son yaro in ya fara manyanta, shi ya sa aka ara wa babba sunan ƙarami da shekarunsa.

Don Anselmo ya buɗe ido. "Yeison ke jifa? Ai ni na haƙa masa rami da hannuna."

"Baba, ka huta."

"Kusa da shi za ku kwantar da ni. Kuma ku mayar masa da sunansa. In na je can, wa zan ce ina nema?"

Chichi ya dafe kai. "Tsoho, masu binciken kulob har maƙabarta suke leƙawa! Har maƙwabta suke tambaya." Sai ya juyo kaina. "Ballantana masu baki kamar lasifika."

"Ni, ɗana? Ni da ko abin da na ci jiya ba na tunawa?"

"Doña Tatica, kin tuna wanda ya tsallaka tagar matar mai burodi tun ina makaranta."

"To ai kai ne," na ce.

Milagros ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa gaban gadon. "Baba, ka ji tausayina. In aka rubuta sunan, korar Robelin za a yi."

Ta toshe bakinta da hannu. Tsohon ya yi murmushi.

"Yauwa. Na daɗe ban ji an kira shi da sunansa a gidan nan ba."

"Ku ƙarasa kashe yaron, ba ruwana!" Chichi ya fice, ya bugo ƙofa har hoton Maryamu ya karkace a bango.

Kafin a kaɗa ƙararrawar yamma Don Anselmo ya cika, rediyon na ta surutu a ƙirjinsa. Washegari muka kwantar da shi kusa da ƙaramin kabarin. Chichi ya tsaya can gindin bishiya, ba gawar yake kallo ba, bakina yake kallo. Na ƙi ba shi abin da yake jira, duk da harshena har ƙaiƙayi yake yi.

Da jama'a suka watse, Milagros ta ce mu yi gaba, za ta biyo mu. Ta daɗe ba ta dawo ba.

A zaman makoki ita ta zagayo da kofi. Da ta miƙo mini nawa, sai na ga ɓarɓashin tsohon farin fenti, irin na kankara, ya cushe ƙarƙashin farcen babban yatsanta.