Ranar da Orval Ya Ba Gari Hanya

A ƙauyenmu da ke cikin duwatsun jihar Vermont, Talatar farko ta watan Maris ake taron gari, kamar yadda kakanninmu suka bar mana. Kowane baligi yana da bakin magana da ƙuri'a guda. Ni nake jagorantar zaman, kamar yadda mahaifina ya jagorance shi kafin ni.

A bara, batun da ya fi kowane nauyi shi ne hanyar gonar Orval Pettengill. Hanyar mallakarsa ce, saboda haka motar gari ba ta share mata dusar ƙanƙara. Matarsa Lorna kuwa tana fama da ciwon ƙoda, dole a riƙa kai ta asibiti a kai a kai ana yi mata wanki. Orval ya tsufa, taraktarsa ma ta gaji. A hunturun shekarar hanyar ta toshe, Lorna ta rasa wankin har aka kwantar da ita, likita kuma ya ce idan aka maimaita, ba lallai ta tashi ba.

Nas ɗin da ke duba ta, Solveig, haifaffiyar Norway ce da aure ya kawo mana, ta kuma zama 'yar ƙasa. Ita ta kawo ƙudurin cewa gari ya ɗauki nauyin share hanyar. Sai dai ba ta shawarci Orval ba, domin ko kusa ba ta zaci akwai buƙatar haka ba.

Ina gama karanta ƙudurin, Orval ya miƙe riƙe da hularsa.

"Shugaba, ban yarda ba. Tun da nake ban taɓa miƙa wa gari hannu ba, ba kuwa yau zan fara ba."

Solveig ta ce, "Haba Baba Orval! A inda na fito ma ana zaɓe, ana biyan haraji, hukuma ta kula da marar lafiya, babu mai jin kunya. Haƙƙi ne, ba sadaka ba."

"'Yar nan, gudun irin wannan kulawar ne ya sa kakana ya hau jirgin ruwa ya zo ƙasar nan."

Zauren ya ɗauki dariya, amma ni ban yi ba, domin na ga inda aka dosa. A wurinmu, idan mutum ya ce ba ya so a bainar jama'a, taimaka masa a kan dole cin mutunci ne. Mutanen da za su fito da shebur cikin sanyi saboda Lorna su ne za su kayar da ƙudurin saboda girman mijinta.

Sai Lorna ta dafa kujerar gabanta ta tashi a hankali.

"Shugaba, tambaya gare ni. An taɓa ba garin nan kyautar hanya?"

Na amsa da cewa an taɓa. A zamanin mahaifina, gidan Thayer sun ba da hanyar injin katako, taro ya karɓa da godiya. Ƙa'idar kuwa ba ta canja ba: duk hanyar da ta zama ta gari, gari ke share ta, ko wane ne ke zaune a ƙarshenta.

Ta juya ga mijinta. "To, kai da ba ka iya karɓa ba, bayarwa fa?"

"Hanyar ubana ce, Lorna."

"Ubanka ya gama da hanya, tsoho. Ni ban gama ba."

Orval ya daɗe yana juya hular a hannunsa, kansa a sunkuye. Daga bisani ya ɗago.

"Na bayar. Amma kowa ya shaida, bayarwa na yi, ban roƙa ba."

Delbert, direban motar share ƙanƙara kuma abokin wasansa tun ƙuruciya, ya ɗaga murya daga baya: "Madalla da mai kyauta! Ramukan ma duk namu ne, ko za ka riƙe su?"

Aka gyara ƙudurin ya koma na karɓar kyauta. Na nemi masu amincewa, muryoyi suka cika zauren. Na nemi masu ƙi, ban ji kowa ba.

A bakin ƙofa na ji Solveig tana raɗa wa Lorna, "Ai abin da na nema ke nan tun farko!"

Lorna ta ce, "Shi ne, 'yata. Amma kada ki kuskura ki gaya masa."

Mako bai zagayo ba aka sake zuba ƙanƙara mai yawa. Da safe Delbert ya hau da motarsa har ƙofar gidan, Lorna ta isa asibiti a kan lokaci. Orval kuwa yana tsaye a bakin shinge cikin babbar rigar sanyinsa, yana nuna wa Delbert da sanda wuraren da bai share da kyau ba.