Lambar Jirgin Baban Uwaliya

"Umma, in jirgin Abba ya nutse, a ina za a binne shi?"

Uwaliya ce ta yi wa mahaifiyarta Zulaihat tambayar, a gaban matan da suka cika tsakar gida. Tun safe bidiyon wani jirgin yaƙi yana nutsewa ke yawo a wayoyin Garo. Ga mijin Zulaihat, Muntari, sojan ruwa ne, wayarsa kuma kwana uku ba ta shiga.

Ba ta tsaya kuka ba. Ta ja hannun 'yarta suka hau babur sai Gwarzo, gidan Bappa Sagiru, wanda ya shekara talatin yana sojan ruwa kafin ya dawo kiwo.

Bayan doguwar gaisuwa, tsohon ya kalli bidiyon, ya kalli hoton Muntari a gaban jirginsa, sai ya yi dariya.

"Ku mutanen tudu! Kun ɗauka jirgi ɗaya gare mu kamar motar kasuwa? A zamaninmu ma runduna biyu ce, Legas da Kalaba, daga baya aka ƙara ta uku. Mijinki ƙaramin jirgin sintiri yake, ga lambarsa nan a goshi. Wannan ƙaton kuwa ko tutarsa ba tamu ba ce. Waya kuma ai ba ta kamawa a teku."

Zulaihat ta sauke ajiyar zuciya, ta rungume Uwaliya har yarinyar ta ce an matse ta.

Kai mai karatu, kada ka tura labarin mutuwa sai ka bincika. Yara suna ji.